Kore Kafin Ja

Ana idar da sallar la'asar labari ya iso caji ofis cewa an tsinci gawar wani dattijo a ɗakin karatunsa. Sufeto yana naɗe darduma ya ji. Ya yi salati, ya ɗauki hularsa, ya kira Saje suka kama hanya.

Mamacin tsohon ma'aikacin gidan waya ne, unguwa ta san shi da Mai Kanta. Tun yana saurayi ya ɗora wa kansa tara tsofaffin littattafan jarumai masu takubba da bokaye masu tsafi. Kuma ba karatun ne ya dame shi ba. Labari ɗaya yakan mallaki bugunsa iri-iri, ya wuni yana gwada wannan da wancan: wanne aka rage wa babi, wanne aka sauya wa zane, wanne takardarsa ta fi kauri. Allah Ya ba kowa abin da zai shagala da shi, sai wanda Ya tsare.

Ɗakin shi ne mafi kyau a gidan. Kanta tun daga ƙasa har rufi, littattafai a jere kamar haƙoran mataji. Takobin ado na rataye a bango, ƙura ta lulluɓe shi. A lungu akwai kaskon gawayi wanda mamacin ke korar laima da shi. Gawar na kwance a gindin kanta, an fasa mata ƙeya da ƙarfen da ake tokare littattafai da shi.

"Yallaɓai, ɗakin nan ya fi ɗakin amarya tsari," in ji Saje. "Ka ce ba a yi kokawa a cikinsa ba."

"An yi," in ji Sufeto. "Dubi ƙasa."

A cikin jinin da ya bushe akwai gurabe masu kusurwa huɗu, tas da su, kamar an zana da ma'auni. Littattafai sun zube a nan, jini ya kewaye su, sannan wani ya zo ya kwashe. Sufeto ya bi kantar da ido. Babu giɓi ko ɗaya. Ya zaro wani daga jerin tsakiya, ya ga gefen bangonsa da ɗan tabo wanda aka goge a hankali, da hannun da ya san darajar takarda.

A ƙofar gida maƙwabta sun riga sun yanke hukunci. Wani tela ya matso yana rage murya, alhali kowa na ji.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da takalminka. Ɗansa ne, mai gyaran lantarki. Ɗakin nan da a ciki yake da matarsa da jaririyarsu. Uban ya fitar musu da gado tsakar gida, ya ce littattafansa sun fi su bukatar busasshen wuri, ya mayar da su ɗakin kusa da bayan gida. Jaririyar ta kama tari, ba ta tashi ba. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, a gabanmu yaron ya ce, 'Baba, a ƙarƙashin kantar nan za ka mutu.' To, ga shi."

Kafin magariba an kama ɗan a tashar mota, da jini a hannun rigarsa.

Likitan da ya duba gawa ya kira Sufeto gefe washegari.

"Dukan bai kashe shi nan take ba. Ya daɗe yana numfashi, kuma yana cikin hayyacinsa. Da an kawo shi asibiti, wataƙila da yanzu yana zagin ma'aikatan jinya."

"Wato wanda ya kwashe littattafan, a gaban idonsa ya kwashe su?"

"Wannan kuma aikinka ne. Ni dai na ce ya daɗe."

Sufeto ya fita yana istigfari. Ya ga kisa iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda aka tsallake mutum yana shure-shure don a ceci takarda ba.

A ɗakin tambayoyi ɗan mamacin ya zauna, kansa a sunkuye. Mutum ne mai kimanin shekara talatin, ramamme, idanunsa sun faɗa.

"Ina kake jiya bayan azahar?"

"Wajen aiki."

"Mai gidan da ka ce kana yi wa aiki ya ce tun hantsi ka tafi."

Sufeto ya nuna hannun rigarsa.

"Jinin da ke rigarka fa?"

"Waya ce ta yanke ni."

"Nuna min yankan."

Ya juya hannuwansa sama da ƙasa, babu ko ƙwarzane. Sai ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti.

"Na shiga, Yallaɓai. Na je in gaya masa zan kwashe iyalina mu bar masa gidansa. Na tarar da shi ya yi sanyi. Na ɗaga kansa, na ce 'Baba,' bai amsa ba. Sai na tuna abin da bakina ya faɗa a gaban jama'a, na gudu."

"Littattafai na ƙasa sa'ad da ka shiga?"

"Ko ɗaya. Da suna ƙasa ma, wallahi da na tattake su."

Shugaban ofis bai ga abin jinkiri ba. Ya ce ga barazana, ga jini, ga gudu, ga ƙarya har biyu. Gobe da safe a miƙa shi kotu da tuhumar kisan uba. Sufeto ya san inda wannan tuhuma ke kai mutum, igiya ce. Ya roƙi a ba shi yinin nan kawai.

"Yallaɓai, wanda zai tattake littafi ba zai goge masa jini ba."

"Na ba ka zuwa safiya. Bayan nan kada in ji bakinka."

Sufeto ya koma ɗakin karatun. Wannan karon kaskon ya nufa. Ya tona tokar da tsinke, ya zaro zare mai kauri wanda ya ƙone rabi, irin wanda ake ɗinke littafi da shi, da ɗan guntun kwali mai launin kore. An ƙona littafi a ɗakin mutumin da ba ya yarda ƙuda ya sauka a kan littafi.

Wanda ke kawo wa mamacin kaya wani dillalin tsofaffin littattafai ne, mai rumfa a bayan kasuwa. Da ya ga kaki sai murmushinsa ya yi faɗi fiye da kima.

"Mai Kanta? Allah Ya jiƙansa. Rabona da shi an kwana biyu."

"Matarsa ta ce shekaranjiya ka kawo masa ƙunshi."

"Au! Wannan? Ai na manta, tsufa ne. Wani ɗan littafi ne marar amfani."

"Mai koren bango?"

Murmushin ya gudu. Saje ya jawo kujera ya zauna a bakin rumfar, ya toshe hanya, ya shiga kaɗa ankwa a yatsa kamar carbi.

"Zan faɗa, ranka ya daɗe. Akwai wani tsohon labari, *Madubin Boka*, na jarumin da ya hau hasumiya don ya fasa madubin da boka ya ɓoye ransa a ciki. An buga shi sau da yawa, amma bugu biyu ne masu tarawa suke hauka a kansu: mai jan bango da mai koren bango. Babu shekarar bugu a jikin ko ɗaya. Ja ana samunsa jefi-jefi. Kore kuwa, a iya sanina, Mai Kanta kaɗai ke da shi, sai da Allah Ya haɗa ni da na biyu a kayan wani gida da aka rushe."

"Yana da shi, me zai yi da na biyu?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce, 'Idan suka zama biyu, nawa ya zama ɗaya daga cikin biyu.'"

"Wa kuma ke nemansa?"

Dillali ya sosa ƙeya. "Amininsa, Mai Tabarau, wanda ke da shagon gwada ido a da. Tun gashinsa na baƙi yake roƙona in samo masa kore. Na yi masa alkawari har da rantsuwa. Amma ka san zuciya, ranka ya daɗe. Mai Kanta ya riga shi zuwa."

"Na san zuciya," in ji Sufeto. "Na kuma san alkawari kaya ne. Kada ka bar gari."

Matar mamacin na zaune a tsakar gida cikin takaba, mata sun kewaye ta. Da ta ga Sufeto ta rarrafo ta kama gefen wandonsa.

"Ɗan nan, don girman Allah ka sakar min shi. Jikata na ƙasa, mijina na ɗakin gawa, shi kaɗai ya rage min. Ni na kashe shi, ku tafi da ni."

"Tashi, Inna, ƙarya ba ta ceton rai, ko ta uwa ce. Wa ke share ɗakin karatun?"

"Ni. Ba ya yarda da kowa, ni ɗin ma sai yana tsaye a kaina."

"Zo ki duba min kantar. Ki gaya min in akwai abin da ba daidai ba."

Ta shiga tana kauda ido daga jinin. Ta bi jeri-jeri, leɓɓanta na motsi. Ba ta iya karanta harshen da aka rubuta su da shi ba, da launi da tsawo ta haddace su. Da ta iso jerin tsakiya sai ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Wa ya yi wannan? Kore a gaban ja!"

"Laifi ne?"

"A gidan nan? Ja ne farko, sannan kore. Ina amarya na taɓa juya su a rashin sani." Ta ɗaga mayafi kaɗan, ta nuna kunnenta na hagu. "Tun daga ranar ban ƙara ji da wannan ba. Ɗana ma ya sani, da bulala aka koya masa. Ko kazar gidan nan ta san ja ne farko."

"Wa ke cewa kore ne farko?"

"Mai Tabarau mana. Ai gardamarsu ke nan tun kafin in haihu. Su zauna tun hantsi, wannan ya ce takardar ja ta fi tsufa, wancan ya ce zanen kore ne na asali. In sun gaji su zagi juna, gobe kuma ya dawo."

"Jiya ya zo?"

"Ban sani ba. Bayan azahar na tafi duba 'yar'uwata. Amma da safe na ji mai gidan yana cewa yau akwai kallo."

Gidan Mai Tabarau ƙarami ne, ba mata, ba 'ya'ya. Shi da kansa ya buɗe ƙofa, dattijo mai tsabta, farin gemu a gyare, magana a hankali. Hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Na ji abin da ya faru. Yaron nan bai kyauta ba, duk da dai uban ma ba kanwar lasa ba ne."

"Yaushe rabonka da gidan?"

"An jima. Ƙafa ta fara gardama."

"Hannun fa?"

"Tukunyar ruwan zafi. Gwauro ai ba ya rabuwa da ƙuna."

Sufeto ya ce shi jahili ne a wannan fanni, yana so a nuna masa yadda ake jera irin waɗannan littattafai, ko ya gane in an saci wani abu a can. Fuskar dattijon ta yi haske. Ya ja su zuwa ɗakinsa, ya shiga bayani: wannan an cire masa babin da boka ya yi magana da matattu, wannan masu maɗaba'a sun sauya fuskar jarumi, wannan kuwa takardar banza ce, shara ce mai bango. Yana magana kamar mai ba da labarin 'ya'yansa.

A jerin *Madubin Boka* akwai giɓi a wuri na farko, daidai kaurin littafi ɗaya, an share shi fes. Bayansa mai jan bango.

"Nan fa? An sace maka ne?"

"Wurin kore ne. Ban taɓa mallakarsa ba, amma ba a ba wa wani kujerar babba don babba bai iso ba."

"Na ji an ce ja ne bugu na farko."

"Wa ya gaya maka?" Muryar ta canja. "Ja kwaikwayo ne! Dubi zanen hasumiya. A kore layukan sirara ne, a ja sun yi kauri, domin farantin bugawa ya riga ya cinye. Sabon faranti ba ya haifar da tsohon zane. Makaho ma in ya shafa zai gane. Mutum ɗaya ne a duniya ya ƙi ganewa, don girman kai."

"Shi ya sa ka gyara masa jerinsa."

Dattijon ya sauke hannunsa daga kan littattafan.

"Matarsa da kunnenta ta biya kafin ta koyi ja ne farko," in ji Sufeto. "Ɗansa da bayansa ya biya. Babu mai numfashi a gidan nan da hannunsa zai iya sa kore a gaba. Amma jiya, bayan jini ya zuba, wani ya kwashe littattafai daga ƙasa, ya goge su, ya mayar da kowanne mazauninsa ba kuskure, sai guda biyu. Su ma ba kuskure ya yi ba. Hannunsa ne ya ƙi bin ra'ayin mamaci. Saje, kwance bandejin nan."

Ba ƙunar ruwa ba ce. Kan yatsu huɗu ne suka soye, irin na wanda ya cusa hannu cikin garwashi. Saje ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado, ya ɗauko wani abu naɗe cikin sabon farin ƙyalle. Rabin littafi ne, gefensa ya zama gawayi, abin da ya saura na bangon kore ne.

Mai Tabarau ya zauna a bakin gado. Ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar.

"A hankali, Saje, yana marmashewa." Ya numfasa. "Mai Kanta ne ya aiko min. Ya ce in zo, abin da na daɗe ina nema ya samu. Sufeto, wanka na yi, na sa sabuwar riga. Ya miƙo min shi, na riƙe, na shinshina. Ya bari har na buɗe zanen hasumiya. Sannan ya ce in kawo ya nuna min wani abu. Ya aza shi a kan garwashi, ya danne da takalmi, yana kallona yana dariya. Ya ce, 'Yanzu nawa ya koma shi kaɗai, kai kuma ka koma yadda kake.' Na sa hannu na ciro abin da na ciro. Da na ɗago, har yanzu dariya yake. Ƙarfen na kusa."

"Da ya faɗi fa?"

"Ya riƙo kanta, jeri guda ya zubo. Jini na tafiya wajensu. Ka san abin da jini ke yi wa tsohuwar takarda?"

"Likita ya ce yana da rai."

"Yana da shi."

"Ya yi magana?"

"Ya ce in kira masa wani. Can kuma ya ce ruwa. Daga baya ya ce harshensa ya yi nauyi, in laƙƙana masa kalmar shahada."

"Ka laƙƙana masa?"

"Hannuwana biyu na riƙe da littafi, Sufeto. In ka raba hankali, sai tabo ya zauna."

Saje, wanda bakinsa ba ya rasa abin faɗa, ya juya fuska bango. Kalmar da ake fatan ta zama ƙarshen maganar bawa, wadda ba ta bukatar hannu, harshe kaɗai take bukata, ita aka hana mutumin da ake cin abinci tare da shi tun ƙuruciya. Mamacin azzalumi ne, babu musu, amma hisabinsa na Ubangijinsa ne, ba na abokin gardamarsa ba.

"Ka ji an kama ɗansa. Ka san igiya ke jiransa. Ka yi shiru."

"Na yi tunanin hakan. Amma in aka tafi da ni, wa zai kula da waɗannan?"

"Abu ɗaya ban gane ba. Lafiyayyen koren Mai Kanta na hannunka, ba mai ganinka. Me ya hana ka ɗauke shi?"

Dattijon ya ɗago, ransa a ɓace ƙwarai, karo na farko tun shigowarsu.

"Haba, Sufeto. Ni ba ɓarawo ba ne."

Saje ya sa masa ankwa, bai sassauta ba ko a kan ƙunar.

A caji ofis Shugaba ya saurari bayanin, ya sa hannu a sallami ɗan mamacin. Aka buɗe ƙofar ɗakin da ake tsare masu laifi, mai gyaran lantarki ya fito yana tangaɗi, uwarsa ta tare shi tana shafa fuskarsa kamar mai tantama ko shi ne. Sufeto ya ce masa ya je ya karɓi gawar mahaifinsa, ya yi masa wanka, ya tsaya a sahun gaba, domin haƙƙin uba ba ya faɗuwa don uba ya yi zalunci. Ɗan ya gyaɗa kai.

A daidai nan aka shigo da Mai Tabarau. Hanyar ƙunci ce, sai da suka yi kafaɗa da kafaɗa. Dattijon ya ja burki, ya dubi mutumin da ya bari a rataye a madadinsa, ya dubi matar da ya mayar gwauruwa, ya yi gyaran murya. Uwar ta ɗago, tana zaton gafara zai nema.

"Ɗana," in ji shi, "in za ku sayar, kada ku rarraba su. Jeri guda ne."

Saje ya ingiza ƙeyarsa, aka wuce da shi ciki, aka ja sakata.